Ƙoƙon da na bari a Alƙahira

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokin aikina, na rungume jakar takardata kamar jinjiri. Shekara biyu ina rubuta ta, a kan yadda harsuna ke aron sunan kai su laƙaba wa tudu. Wani taron masana harshe a Alƙahira ya ba ni minti goma in karanta ta, kuma a kan minti goman nan ƙarin girmana a wurin aiki ya rataya.

Da muka sauka Alƙahira, mai tasi ya ga baƙi, ya ninka mana kuɗi zuwa unguwar Hay el-Sabi', yana ta "ma'alish", wato mu yi haƙuri. Ɗalibanmu masu karatu a can da suka sauke mu suka cika mu da kushari: shinkafa, taliya da wani ƙaramin wake mai suna adas a kwano ɗaya, sai ka ce mai girkin ya rasa wanda zai zaɓa.

Ranar taro wani farfesa Bature ya riga ni hawa. Ya ce a Gelik, harshen da ake yi a Sikotlan da Ayalan, "ceann" kai ne, kuma da shi suke kiran tudun da ya kutsa cikin teku. Ya ce "Kopf" na Jamusawa asalinsa abin shan ruwa ne kafin ya zama kai, kuma ana danganta shi da "Kuppe", ƙololuwar tudu. Wai abin al'ajabi! Wallahi zama ya gagare ni. Mu fa tun kaka da kakanni muke cewa ƙoƙon kai, muke cewa kan tudu. Shafina na uku ke nan.

Bawan Allahn nan ya cinye lokacinsa, ya haɗa da nawa. Na miƙe da takardata, shugaban zama ya dubi agogo ya ce, "Khalas ya duktur, lokaci ya ƙare, abinci na hucewa."

Wajen shan shayi na tare farfesan na yi masa bayani. Nan take ya zaro ɗan littafinsa, ya ce in rubuta masa ƙoƙo, har da lanƙwasar ƙ ɗin. Ni kuma sakarai na rubuta. Ya yi godiya ya wuce, ko sunana bai tambaya ba.

Washegari abokina ya ja ni saman Dutsen Muƙaɗɗam wai in huce. Ga birni shimfiɗe, hayaƙi da hasumiyoyi, amma baƙin ciki bai bar ni na kalla ba.

Da na dawo gida maiɗakina ta miƙo min fura a ƙoƙo, ta ce, "Malam, sun ji ka kuwa?"

Na ce, "Ƙoƙo dai sun ji shi."

Abin da tafiyar ta koya min ke nan: kalmarmu ta shiga littafinsu, mai kalmar kuwa ya dawo da takardarsa ko buɗe ta ba a yi ba.