Kawu Mizuura, Wanda Ya Hau da Makarantarmu a Bayan Goɗiya

Duk wanda ya saba hawa Tudun Dankali da sassafe ya san ƙarar tsintsiyar Kawu Mizuura Sueharu. Daga ƙofar makaranta yake farowa, ya gangaro a hankali yana share ganye, yana taka kowane dutse ya ji ko ya fara girgiɗi. A ƙugunsa akwai gwangwanin farin fenti, domin a Nagasaki ta ƙasar Japan matakalar da bakinta bai sha fenti ba, ƙafar wata tsohuwa take jira. Ɗalibai su wuce shi suna haki, su rusuna su ce, "Ina kwana, Kawu." Shi kuwa ya ce, "Hmm." Na daɗe ina koyarwa a wannan makaranta, har gashina ya yi fari a cikinta, amma ban taɓa jin ya ƙara wa wannan "hmm" ɗin ko gishiri ba. A ƙarshen watan Maris ɗin nan zai ajiye tsintsiyar. Gwiwoyinsa sun ce ya isa haka, kuma a karon farko a rayuwarsa ya saurari shawarar wani.

Yaran yanzu sun ɗauka mai shara ne kawai. Ba laifinsu ba ne, ba su zo da wuri ba.

Makarantar nan da kuke gani da benaye da ɗakin gwaje-gwaje, wadda iyaye ke rububin kawo 'ya'yansu don su samu shiga jami'a, da rumfar katako guda ta fara. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani Fada, limamin coci, ya tara yaran unguwar da ta ƙone yana koya musu lissafi da addu'a. Fili a ƙasa ba ya samuwa, sai wata gwauruwa ta ba shi gonar dankalinta da ke can ƙololuwar tudu, inda babu hanyar mota, kuma har gobe babu. Saboda haka duk abin da aka gina a saman nan, da ƙafa ya hau. Mahaifin Mizuura ne ya fara ɗaukar kayan da ƙananan dawakan nan na tsibirin Tsushima, gajeru masu taurin kofato, shi kuma ya bi bayansa tun bai fara aske gemu ba. Yashi, siminti, ƙarfe, kwanon rufi, allunan aji, shinkafar ɗakin girki, kananzir na lokacin sanyi. Da aka buɗe sashen 'yan mata, shi ya hau da tubalinsa. Da aka gina ɗakin karatu, shi ya hau da littattafan, waɗanda ya ce sun fi siminti rashin mutunci saboda ba sa zama daidai a kan akumari.

Kai ne ka ɗora mu a wurin nan, Kawu. Mu da muke tsayawa gaban allo muna tinƙaho, a kan gumin bayanka muke tsaye.

Amma ba don siminti na ɗauki alƙalami ba. Don Koga Fumika na ɗauka.

Fumika yarinya ce daga unguwar bakin tashar jiragen ruwa. Ciwo ya taɓa mata ƙafafu tun tana ƙarama. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana tafiya da sanduna biyu, amma matakala ta fi ƙarfinta. Ta rubuta jarrabawar shiga makarantarmu a zauren cocin da ke gindin tudu, ta ci, ci kuwa ba na wasa ba. Sai muka zauna taro, mu malamai, da shugaban makaranta na lokacin, Fada Shimosako. Babu mugu a cikinmu. Kowa yana son yarinyar, kowa kuma ya san tudun. Magana ta karkata ga a rubuta wa iyayenta a ba su haƙuri, a nuna musu wata makaranta a ƙasa, ko da ba ta kai tamu shirya yara don jami'a ba.

Mizuura yana tsugune a lungu yana zuba kananzir a murhun ɗumama ɗaki. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ta kai buhun siminti biyu?"

Fada ya ce, "Malam Mizuura, 'yar mutane ce fa, ba siminti ba."

"Shi ya sa na ce za ta fi sauƙi, Fada. Siminti ba ya iya riƙe sirdi."

Aka yi dariya, irin ta mutanen da aka sauke wa dutse daga ƙirji. A lokacin doki ɗaya ya rage masa, wata jar goɗiya mai suna Azuki, don aikin dawaki ya riga ya fara mutuwa a gari.

Ranar farko ta karatu, cikin watan Afrilu, sai ga Fumika a gindin tudu da sabuwar rigar makaranta da fuska a murtuke. Ta dubi goɗiyar, ta dubi ɗalibai da suka tsaya kallo, ta ce, "Kawu, ni ba kaya ba ce."

Mahaifiyarta ta daka mata tsawa. "Ke! Haka ake yi wa babba magana?"

Mizuura ya ce, "Ƙyale ta, gaskiya ta faɗa." Ya miƙa wa yarinyar linzami. "Riƙe. Ni ba zan ja ki ba. Ke da ita ku sasanta, ni rakiya ce tawa."

Haka kuwa aka yi. Ya ɗinka mata sirdi mai madogara, ya koya mata yadda ake kwantar da jiki gaba in ana hawa, da yadda ake karkata goɗiya ta bi matakala a kaikaice, da wuraren da ake tsayawa dabba ta numfasa. Kafin damina ta shigo ya daina taɓa ragama. Yana biye a baya da sandunanta a kafaɗa kamar dogari, ita kuwa tana sama tana kallon teku. Yaran da suka fara da kallon tausayi suka koma hassada. Na ji wani da kunnena yana cewa, "Wannan ai son kai ne, mu muna hawa da ƙafa kamar awaki!" Fumika ta waiwayo ta ce, "To ka roƙi Allah ya ba ka irin ƙafata mana." Ranar ce na fara jin dariyarta.

Shekara biyu da rabi suna haka, rana da ruwa. In ana iska mai ƙarfi ya rufa mata tamfol, in an yi ƙanƙara ya naɗe kofaton Azuki da igiyar kaba. Bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa tambayarta labarin ƙafarta ba.

Sai a shekararta ta ƙarshe, farkon Disamba, ana saura 'yan makonni a shiga jarrabawar jami'a, Azuki ta fara ɗingishi. Likitan dabbobi ya duba ya ce tsufa ne, ta gama hawan matakala har abada. Mizuura ya zaga gari neman wani dokin, babu. Wannan kuwa shi ne lokacin da ake yi wa 'yan ajin ƙarshe darasin bita tun safe har yamma, wanda ya rasa shi ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Mizuura ya je gidan su Fumika da katakon goyon kaya, ya ce zai goya ta. Ta ce, "Kawu, shekarata goma sha takwas. Wallahi gara in haƙura da jami'ar." Ta rufe ƙofa. Kujerarta ta zauna babu kowa, rana ta bi rana.

Wanda bai san Mizuura ba ba zai gane nauyin abin da ya yi bayan nan ba. Mutum ne da ko ashana ba ya roƙa. Ya taɓa karya yatsa ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki don kada a ce sannu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya cire hula ya shiga ofishin Fada, ya ce yana roƙon aron karagar Maryamu, wato katakon nan mai sanduna biyu da ake ɗora mutum-mutumin Uwa Maryamu a kai a zaga unguwa da shi a watan Mayu.

Fada ya sosa ƙeya. "Ni ba ni da ta cewa. Amma ka san tsofaffin matan coci ne ke kula da ita. Yarinyar nan kuma ko baftisma ba ta yi ba, gidansu mabiya Buddha ne. Je ka wurin Kaka Deguchi. In ka fito da rai, ka ɗauka."

Kaka Deguchi ita ce shugabar matan, tsohuwar da Fada da kansa yake kauce wa hanya. Mizuura ya same ta tana shanya yankakken dankali, ya tsaya yana murza hula, ya faɗi abin da ya kawo shi cikin jimla uku. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Sueharu, yau kai ne da roƙo? Lallai duniya ta zo ƙarshe." Ta ci gaba da shanyarta. "Ita Maryamun da ta hau jaki da tsohon ciki, kana jin ba ta san wahalar hanya ba? Sau ɗaya take hawa abin nan a shekara. Ɗauka. Amma in ka kankare mini fenti, kai zan shanya a nan."

Saura mai hawa. Mizuura ya ɗaure kujera a kan karagar, ya tara ƙarti daga ajin yarinyar, har da wani mai surutu Eguchi, shugaban 'yan kokawar judo, suka sauka har ƙofar gidan su Fumika. Ta leƙo ta ga abin, ta ce, "Yanzu kuma gawa kuka mai da ni?"

Eguchi ya ce, "Gawa ba ta da baki irin naki. Fito don Allah, sanyi muke ji."

Mizuura ya matso ya ce, "Waɗannan ba su san tudun ba. Ƙarfi gare su, hankali babu, Azuki ta fi su sau goma. Ke kika san inda ake karkata da inda ake hutawa. In ba ki ba su umarni ba, za su zubar da junansu. Ke ce mai linzami."

Ta dubi ƙartin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Gajeru a gaba, dogaye a baya. Eguchi, kai koma baya, kuma ka rufe bakinka."

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk sanyin nan haka aka yi ta hawa, 'yan aji suna karɓa-karɓa, har 'yan mata suka ce su ma sai an ba su sandar karagar sun ɗauka. Fumika tana sama da katunan kalmomin Turanci, tana jefa musu tambaya, wanda ya faɗi ba daidai ba ta ce gobe ma shi ne a baya, inda nauyi ya fi. Mizuura yana biye, tafin hannunsa a ƙarƙashin katako. Tsofaffin unguwa kuwa, da sun hango karagar ta ɓullo kwana, sai hannu ya tafi goshi, su yi alamar gicciye. Wata rana Fumika ta ce wa wata, "Kaka, ni ce fa!" Tsohuwar ta ce, "Na sani, 'yar nan. Hannun ne ya saba."

Bayan shekarar nan abubuwa da yawa sun canza. Azuki ta koma tsibirinsu ta ƙare kwanakinta a makiyaya. Tsofaffin ɗalibai suka haɗa kai aka kafa ƙaramin keken lantarki mai bin dogo a gefen matakala, yanzu shi ke hawa da shinkafa da kananzir, da yara masu keken guragu waɗanda ba a ƙara yin taro a kansu ba. Makaranta ta ƙara bene, ta ƙara suna. Mizuura ya karɓi tsintsiya da gwangwanin fenti ba tare da ƙorafi ba.

Amma ni ranar da sakamako ya fito nake tunawa. Fumika ta tafi Osaka, inda jami'ar take, da mahaifiyarta don ta ga allon sakamakon da idonta, ta bugo waya ofishin malamai. Ni na ɗauka. Ta ci. Ɗaki ya kaure da ihu, Fada yana ta share tabarau. Ta ce a kira mata Kawu. Aka same shi a bayan ɗakin girki, ya shigo yana goge hannu a wando, ya riƙe wayar nesa da kunne kamar za ta cije shi. Muka tsaya muna jiran mu ji yau dai zai ce barka.

Ya ce, "Akwai matakala a can?"

Muna jin muryarta tana dariya tana kuka. "Akwai na'urar hawa bene, Kawu. Ko'ina akwai."

"Kin gani da idonki?"

"Na gani. Na hau ma."

Ya ce, "To." Ya miƙo mini wayar ya fita. Na bi shi da kallo ta taga, na ga ya zauna a kan matakalar farko ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin haka ba.

Mun gode, Kawu Mizuura, gajere mai ɗaukar tudu. Mu mun taya ta murnar inda ta kai, kai kuwa kana can kana tunanin yadda za ta hau. Allah ya huta da gwiwoyinka, ya ba ka tsawon rai. Ku kuma da kuke karanta wannan, in wani naku ya samu shiga inda ya daɗe yana nema, ku yi guɗa, ba laifi. Amma a samu ko mutum ɗaya a cikinku da zai tambaye shi ko akwai matakala.