Tasar Kaka a Ƙarƙashin Gidanmu na Arras

Bayan magariba, a gidanmu na haya a unguwar Arras ta Treichville, cikin Abidjan, Kaka kan zauna gaban murhun gawayi tana gasa mana aloko, wato doguwar ayaba, mu jikoki mu kewaye ta. Kusa da ita akwai rediyon Kawu Sale, mai aiki a tashar jiragen ruwa. Shekara huɗu ba ta ji ɗuriyar ƙanwarta da ta baro a Maraɗi ba, don haka kowace Juma'a sai ta kasa kunne ga shirin gaishe-gaishe na gida. Ba ta samun komai sai shuuu.

Kawu ya ɗaure doguwar waya a kan rufi, ya kafa ƙarfe a ƙasa, duk a banza. Ya ce ƙasar Treichville rairayi ce zalla da ɓaraguzan gini, sai an binne faffaɗan ƙarfe a wuri mai damshi.

Ran nan Kaka ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya ta taho." Wai Iska 'yar dako ce, irin na kasuwar Adjamé, tana ɗauko muryoyin mutane a ka daga nesa. Kayan sun yi mata nauyi, ba ta iya saukewa ita kaɗai. Ta roƙi Ƙasa ta kama mata, Ƙasa ta ce, "Ƙishi nike ji, hannuna ba ƙarfi." Iska ta wuce da kayanta tana huci. "Hucin nan ne kuke ji cikin akwatin Sale," in ji Kaka.

Sai ta tashi ta ɗauko tasarta ta tagulla, wadda ko taɓawa ba ma yi, wadda kullum take cewa da ita za ta koma gida. "Sale, gina rami."

Kawu ya gina, ya ɗaura wayar a jikin tasar, aka sa ta cikin ramin, aka zuba gawayi da gishiri, aka rufe, Kaka ta kwarara ruwa bokiti biyu. Ya murɗa rediyon. Wallahi sai ga Hausar Maraɗi tar, kamar mai maganar yana tsakar gidan. Har na leƙa bayan akwatin.

Juma'a ta bakwai aka karanto sunanta, ƙanwarta na gaishe ta. Kaka ta rufe fuska da mayafi, alokon ya ƙone, ba wanda ya motsa.

Yau na san aikin damshi da gishiri ne, amma mamakin bai sake ni ba. Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne, Kaka ba ta taɓa cewa a tono mata tasar ba, kuma daga ranar ba ta ƙara zancen komawa ba. A Abidjan muka binne ta. Tasar na nan ƙarƙashin simintin da mai gidan ya shafe.