Kujera ta Sha Bakwai

Duk ranar Talata Okumu, mai gadin majalisar gundumarmu, yakan buɗe wa wata mata benen 'yan kallo, inda ba kowa sai ita. Dattijuwa ce siririya, rigar ƙungiyar masu sa ido ta yi mata yawa. Aikinta rubuta wanda ya zo zama da wanda bai zo ba, ƙungiya ta buga a jarida kafin zaɓe.

"Mama, yau ma kin zo kamun malalata?" in ji Okumu.

"Ɗana, in ba a rubuta ba, sai su rantse sun zo."

Tana bin kujeru da alƙalami da sauri, amma a ta sha bakwai hannunta yakan tsaya. Wata uku ke nan kujerar ba kowa. Okumu ya lura mai kujerar Owuor ne, sunan da ke jikin katinta ita ma, kuma goshinsu ɗaya kamar uwa da ɗa. Bai taɓa tambaya ba.

Sai an tashi take rubuta "bai zo ba." A ƙofa ta miƙa wa Okumu ƙunshin soyayyen kifi.

"Ungo, ɗana, kar ya lalace."

Yana karɓa, ya san ba shi aka soya wa ba.