Ranar Sunan Sabulu

A gidanmu na Sabonjida, wutar da ake ba mu tatsuniya a gefenta ba ta girki ba ce. Kakarmu, Iya Azumi, sabulun salo take yi, don haka bayan sallar isha'i sai ta tara ɓawon ayaba da na kaɗanya ta ƙona, ta samu tokar da za ta tace da safe. Mu jikoki mu zauna, hayaƙi na cin idanunmu, ba mai tashi.

Hannayenta nake kallo fiye da bakinta. Ruwan toka ya cinye fatar yatsunta, duk sun tsage sun yi fari. Da harshe take gwada ƙarfinsa, in ya yi mata zafi ta ce ya nuna. Da wannan sana'ar ta riƙe mu bayan rasuwar babanmu, har na kai jami'a.

"Ga ta nan, yau daga murhu ta fito," in ji ta. Mu ce ta zo mu ji.

Wai Mai da Ruwa sun yi gaba da juna, ko a tukunya ɗaya aka zuba su kowa ya ja gefensa. Gari ya yi dauɗa, ƙazuwa ta kama yara. Aka rasa mai sulhu sai wata tsohuwa, Toka, da ke kwana a gindin murhu. Ta shiga tsakaninsu, ta sha zafin wannan ta sha na wancan, har suka shirya aka ɗaura musu aure. Suka haifi ɗa, Sabulu. Ranar suna mata suka tashi gyaran gida saboda baƙi, wata ta ɗauki tsintsiya ta share Toka zuwa juji.

"Iya, sai kuma me?" in tambaye ta, raina a ɓace.

"Sai aka ci shinkafa, 'yar nan. Ƙurunƙus. Tashi ki kwanta."

Na tsani tatsuniyar nan. Yara na son a saka wa mai kirki, ita kuwa Iya ba ta taɓa gyara ƙarshen don ta faranta mana ba.

Yanzu ina aiki a wata masana'anta bayan Dungu, inda muke juya man kaɗanya ya zama sinadaran fenti da man shafe injina. Man ba ya juyawa don kansa. Akwai wani garin sinadari mai launin toka da muke zubawa, shi ke haɗa abin da ba ya haɗuwa, amma ba ya cikin abin da muke sayarwa. A ƙa'ida zai gama aikinsa ya fito lafiya lau. A zahiri kowane zagaye yana rage masa ƙarfi, har ranar da za mu kwashe shi a durom mu kawo sabo. Duk ranar kwashewa ba na iya cin abincin rana.

Motocin kamfaninmu na bi ƙauye ƙauye suna kwashe kaɗanya tun kafin ta iso kasuwa. Matan layinmu masu yin sabulu suka rasa mai, suka kife tukwanensu ɗaya bayan ɗaya. Iya ce ta ƙarshe, ita ma sai da yatsunta suka ƙage, ko carbi ba ta iya ja. Ba ta taɓa zargina ba, alfahari ma take yi da ni, abin da ya fi min ciwo ke nan.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta roƙe ni abu ɗaya.

"Fati, kar a wanke ni da sabulun kanti. Ƙamshinsa na juya mini ciki."

Na ce, "In sha Allahu, Iya." Na ɗauka akwai sauran lokaci.

Ta cika da hantsi, aka sa jana'iza bayan azahar. Na bi gidajen tsoffin abokan sana'arta har unguwar Sakasaka, ko gutsure ba wadda ta ajiye. Ina dawowa na tarar masu wanka sun gaji da jira, sun aika kanti. Tun daga zaure na ji ƙamshin.