Jajen da Muka Kai wa Koci a Summerfield

Ranaku da yawa sun shige mini cikin shekarun da na yi a ɗakin kayan wasa na kwalejin nan, amma Talatar da na goge babbar rigata na tafi yi wa koci jaje tana nan daram a raina. Ku da kuka fara aiki bana kun sha jin labarin a bakin mutane, kowa da gishirin da yake ƙarawa, har an ce da rawani na je. Ban je da rawani ba. Ga yadda aka yi.

Ga wanda bai san wurin ba, ƙwallon da ake magana ba irin tamu ta gida ba ce. Ta Amurka ce, wadda ƙato zai rungume ƙwallo ya ruga, ƙarti su bi shi su danne. A saman kowa akwai daraktan wasanni, shi ke ɗauka shi ke kora. Ƙarƙashinsa babban koci da mataimakansa, can ƙasa manajan kaya Mista Darnell, sai ni, daga ni sai injin wanki. Bayan kowane wasa nakan karɓi riguna da wanduna da tawul, in jiƙa masu tabon ciyawa da jini, in wanke, in rataye wa kowa a akwatinsa, in goge hulunan kwano. Albashin ba abin faɗa ba ne, sai dai aikin yana da riba guda: ɗan ma'aikaci yana karatu a kwalejin da rangwame mai yawa. A lokacin 'yata Hafsat tana shekara ta uku a karatun jinya. Don ita nake shaƙar warin safar samari.

Koci Whitlow ya shekara tara tare da mu. Shekarunsa na farko an ci kofi an yi rawa, na baya kuwa kashi muka yi ta sha. Aka yi wasan ƙarshe ranar Asabar a ƙarshen Nuwamba, ranar Lahadi aka sallame shi. Da safiyar Litinin saƙon imel ya zo wa kowane ma'aikaci: an gode masa, ana yi masa fatan alheri, kuma kada wani ya yi magana da 'yan jarida ko ya tuntuɓi tsohon koci har sai an kammala takardun sallama. Kafin azahar an kwance sunansa daga ƙofar ofis da wurin ajiye mota. Hotonsa na gan shi jingine kusa da kwandon shara, fuskar tana kallon bango.

Gari kuwa ya rabu biyu. A rediyo, a shagon aski, a shafin magoya baya na intanet, babu zance sai me Whitlow ya bari. Wasu suka ce shi ya ɗaga mu daga ƙasa, a yi masa gunki a bakin filin wasa. Wasu suka ce yaran da wanda ya gabace shi ya tara ne suka ci masa kofin, shi ihu kawai ya iya. Wani dattijo ya kira rediyo ya yi ta kumfar baki a kan shawara ɗaya da koci ya yanke shekara huɗu da suka wuce, kai ka ce gonar gadonsa aka sayar.

Har majalisarmu ta shagon naman halal a East Greensboro abin bai bari ba. Shugaban masu suka a nan shi ne Alhaji Musa, mutumin Damagaram da ba ya rasa jefa Faransanci a maganarsa, mai ɗaukar fasinjan filin jirgi a wata baƙar mota babba. Alhaji bai san ko dokar wasan ɗaya ba sai da ɗansa ya shiga tawagar ya shekara biyu a benci. Tun daga nan ya zama masani.

Ni ban shiga musun ba, don abin da ke raina daban ne. Koci ba mutum mai sauƙi ba ne, ya taɓa wurgo mini tawul a gaban yara don bai bushe ba. Amma shekarar da mahaifiyata ta rasu a Kano ban samu zuwa ba, shi kaɗai cikin manya ya sauko ɗakin wanki. Ya tsaya gefen inji ya ce ya ji abin da ya faru, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗan jima ya tafi. Imel ɗin na karanta shi sarai, kuma na gane shi. Kawai dai ban taɓa jin hukumar da ta hana jaje ba, sai na ɗauka ba da irina suke ba.

Hafsat ta gan ni ina guga ta ce, "Baba, just text him."

Na ce mata jajen waya na wanda yake wata ƙasa ne. Mutum yana nan bayan gari, ba za a ce na aika masa da rubutu ba.

Jaje ba a cika zuwa shi kaɗai ba, sai na nemi Alhaji Musa, ina tsammanin zai ƙi. Sai ya ce, "Bon, Malam Sani, mutumin nan bai iya komai ba, wannan kowa ya sani. Amma kora kora ce. Mu je." Ranar Talata bayan na tashi aiki ya zo da baƙar motarsa a wanke, ya sha farar shadda, ni na sa ruwan toka mai aiki. Uwargida ta cika mana kwanon silba mai murfi da dambun nama. Tun daga Greensboro har muka fara ganin shingayen dawakin Summerfield inda gidan koci yake, Alhaji yana lissafa mini kurakuran koci ɗaya bayan ɗaya, bai ma kai rabi ba muka iso.

Matar koci ce ta buɗe ƙofa. Muka cire takalma a waje, muka shiga. Sai ga mutumin da muryarsa ke girgiza filin wasa ya fito da gajeren wando da silifas, bai yi aski ba. Na ce masa da Turancina mun ji abin da ya faru, mun zo mu yi masa sannu, Allah ya musanya masa da mafi alheri. Alhaji ya ce amin. Muka zauna muka yi shiru, kamar yadda ake yi.

Ba'amurke bai iya zaman shiru ba. Bai yi minti biyu ba ya jawo kofuna a kan tebur ya jera su, ya fara nuna mana abin da ya so yaran su yi a wasan ƙarshe da yadda suka ɓata. Na ce a raina shi ke nan, don wannan ce damar da Alhaji ya shekara biyu yana jira. Sai na ga ya miƙa hannu ya ture kofunan gefe a hankali.

"Patron, bar wannan," ya ce. "Ba shi ya kawo mu ba."

Koci ya dube shi, ya dube ni, ya jingina da kujera. Matarsa ta ce tun Lahadi ba wanda ya kira sai 'yan jarida da wani kamfanin kwashe kaya da ya ji labari yana neman ciniki. Ta buɗe kwanon, koci ya ɗebi dambu ya kai baki, idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce yaji ne. Uwargidana kuwa ba ta cika yaji ba. Muka yi kamar minti arba'in, muka yi sallama muka tafi.

Abin da ba mu sani ba, maƙwabcinsa na tsallaken titi yana cikin masu kula da shafin magoya baya, kuma tun Lahadi yake laɓe a taga da waya. Da safiyar Laraba hotonmu ya cika gari: mutum biyu cikin manyan riguna, baƙar mota, kwanon silba a hannu. An rubuta a ƙasa cewa wasu attajirai daga ƙetare sun kai wa Whitlow ziyarar sirri.

Kafin la'asar tarihin koci ya sake sabon lale. Aka ce 'ya'yan sarakunan mai ne za su kafa gasa a ƙasarsu, sun zo ɗaukarsa. Aka ce kwanon kyautar sarauta ce. Dattijon nan mai kumfar baki ya sake kiran rediyo ya ce shi dama ya san Whitlow gwani ne, darakta ya yi mana asarar da ba za mu farfaɗo ba, ga shi baƙi sun gane abin da muka kasa ganewa. Alhaji Musa ya kira ni yana dariya har da tari. "Malam Sani, ka gani? Sun ce ni ne ministan wasanni, kai kuma tafintana." Wannan ya ɗan ƙona mini rai, don rigata ta fi tasa tsada.

Mutanen da ke rubuta wannan duka sun shekara tara suna wuce ni a ƙofar fili ina tura amalanken wanki. Ko ɗaya bai gane fuskata ba. Mista Darnell ne ya leƙo ɗakin wanki ya rufe ƙofa ya ce, "Sani, ni na gane ka. Kuma an tambaye ni, ban iya ƙarya ba."

Ranar Alhamis da ƙarfe goma aka kira ni ofishin kula da ma'aikata. Ƙa'idar ita ce a zaunar da kai da manajanka, a karanta maka laifinka, a cike fom, sannan a yanke ko gargaɗi ko kora. Yawanci darakta ba ya halarta, amma ranar daraktan namu, Mista Coleman, da kansa yana zaune, idanunsa sun nuna bai yi barcin kirki ba. Tun kafin Misis Greer mai riƙe da fom ta buɗe baki ya ce, "Wace ƙasa ce ke nemansa?"

Na ce, "Yallaɓai, ni daga Kano nake, wancan kuma direba ne, ɗansa ma ya yi benci a nan."

Na ga sanyi ya sauka a fuskarsa, sannan fushi ya biyo baya, don tun Laraba manyan masu ba kwaleji gudummawa suna kiransa suna zaginsa a kan mai wanki da direba.

Misis Greer ta tambaye ni abin da muka tattauna. Na ce ba komai. Ta ce minti arba'in ba komai? Na ce haka ake yi, ka zauna ne don mutum ya san ba shi kaɗai ba ne. Ta duba fom ɗinta sama da ƙasa. Akwai gurbin harkar kasuwanci, akwai na fitar da sirri, akwai na magana da jarida, babu na zama. Ta tambayi abin da ke cikin kwanon, na yi mata bayanin dambu, ta rubuta "nama".

Daga nan ta turo mini takarda biyu. Ɗaya ta sallama ce. Ɗaya ta gargaɗi, amma sai na sa hannu cewa na yi nadamar ziyarar kuma ba zan sake irinta ba. Na karanta kalmar nadama sau uku. Na ce ina iya rubuta cewa na karya doka, wannan gaskiya ne, amma ban yi nadama ba. Mista Coleman ya ce ba a canza rubutun fom. Mista Darnell ya sunkuyo ya ce a hankali, "Sani, saura mata shekara ɗaya."

Na sa hannu. Ba zan ɓoye muku ba, kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na rubuta sunana a ƙarƙashin ƙarya don 'yata ta gama karatu. Da za a sake ba ni zaɓin yau ma haka zan yi, kuma yau ma zan ji kunyar.

Da gaskiya ta fito, magoya baya ba su ji komai ba. Masu sukar koci suka ce kun gani, mutumin da ba wanda ya leƙa shi sai mai wanki. Masu yabonsa suka ce kun gani, mutumin da har mai wanki yake ƙauna. Dattijon rediyo ya koma ra'ayinsa na farko ba tare da ya ce ya taɓa barinsa ba. Bayan mako guda aka sanar da sabon koci, kowa ya manta da gunki da kwano, aka shiga auna wanda bai ma sauka daga jirgi ba.

Shekara biyu bayan haka aka sallami Mista Coleman. Imel ɗin da ya zo shi ne dai na wancan karon, suna kawai aka canza. Ba zan yi muku jarumta ba, Hafsat ta riga ta gama tana aiki a asibiti. Na tambayi gidansa aka ce Pleasant Garden. Wannan karon ban taɓa babbar riga ba. Na tafi da shuɗin kayan aikina mai sunana a ƙirji, dambun a cikin leda. Akwai wani mai kyamara a bakin titi, ya matsa mini na wuce, ko ɗaga kai bai yi ba.

Mista Coleman ya buɗe ƙofa ya dube ni ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Na ce ba kowa. Ya daɗe riƙe da ƙofar, sannan ya ja da baya ya ba ni hanya.

A wannan sana'a za ku ga manya sun zo da kiɗa sun tafi ta ƙofar baya, ku ji gari yana auna su kamar buhun gero, yau a ce ya cika gobe a ce ƙaiƙayi ne. Ku bar masu awo da awonsu, ba sa gajiya kuma ba sa gamawa. In an kori wanda kuka wanke wa tawul, ku bari a kwana biyu ku je ku zauna da shi. Ku dai je da kayan aiki, a cikinsu ba mai ganin ku.