Ragon Takarda da Na Shafa wa Kitse

Ni dai ban yi boko ba. Na leƙa aji, na ga malamin ya fi ni alamar yunwa, na koma mahauta wurin babana. In kun ga rubutun nan yana tafiya a karkace, ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da wuƙa.

Tukubar tsire gare ni a bakin tashar Batsari, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Gado ce. A nan babana ya tsufa yana fifita garwashi, a nan ni ma furfura ta same ni. Direbobin da ke fitowa daga Safana, da masu ɗauko buhunan gero da gyaɗa daga Karare da Yasore, duk a wurina suke kashe mota. Ba na kiran kowa. Hayaƙi ke kira.

Ana nan sai wani matashi ya zo ya kafa tashi sana'ar gaba da ni kaɗan, daidai inda mota ke fara rage gudu. Ya zo da akwatin gilashi, da ƙwan sola, da wani ƙaton ƙyalle da aka bugo mashi a Katsina, ɗauke da hoton rago mai ƙaho kamar na layyar gwamna. Naman kuwa na san inda yake saye. Tsofaffin awaki ne waɗanda suka ga jikokin jikokinsu. Amma mutanen yanzu da ido suke cin nama. Su tsaya su kalli hoton rago, su tauna igiya, su tafi suna santi. Direbobin da na sha ba gyara tun suna yaran mota suka koma ɗaga mani hannu daga nesa, kamar mai gaida maƙabarta.

Da bazara ta yi nisa shugaban tasha ya zo ya tsuguna kusa da ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafata mai ciwo, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Baba, ka ga wurin nan gaban tasha ne. Akwai mai cajin waya da ya dame mu yana so. In damina ta fita tukubar nan tana sanyi haka, wallahi ba ni da bakin da zan kare ka."

Na ce mashi na ji. Na ba shi tsinke guda, ya ci, bai ji kunya ba.

Ina da suruki, mijin ɗiyata, malamin firamare ne a Safana. A kwaleji zane-zane ya karanta, wato an tura shi neman ilimi ya dawo da iya kwaɓa takarda. Da ɗiyata ta kai mashi labari sai ga shi a kan babur, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Baba, in hoto ne ya kwashe maka mutane, mu yi abin da ya fi hoto. Zan gina maka rago sukutum, a ɗora shi sama, tun daga kwana direba zai hango shi."

"Da me za ka gina shi, Malam? Da alli?"

"Da takarda, Baba."

Na dube shi, na tuna ni da hannuna na ba shi ɗiyata, na ce ya je ya gwada.

A zauren gidana ya yi aikin. Ya lanƙwasa waya ya yi haƙarƙari da ƙafafu, ya cusa tsumma a ciki. Ya jiƙa tsofaffin jaridu da takardun jarabawar yara har suka yi laushi, ya kirɓa su a turmin matata, ya dama garin rogo kamar koko ya haɗa. Ya riƙa shafawa yana bari ta bushe, yana ƙara wata. Matata ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an daka lissafi a turmi ba. Gaskiya ɗaya zan faɗa, ragon ya fito. Wuya cike, ƙaho a murɗe, ga bindi har ƙasa. Akuyar maƙwabta ta leƙo zauren ta tsaya tana kallon shi kamar ta ga mijin aure.

Saura maganar ruwa, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Malam ya shafa mashi farin fenti, ya bi da wani mai mai ƙyalli da kafintoci ke shafa wa kujeru. Ya ce wannan ya isa, amma a yi mashi 'yar rumfar kwano a kai. Na ce ban yarda ba. Wa ya taɓa ganin rago da rumfa? Ai sai a ce amarya ce. Muka kafa sanduna, muka ɗora shi a fili sama da tukuba.

Kwanakin farko na ga duniya. Direbobi suka dawo. Mata masu zuwa asibiti suna tsayawa da goyo suna nuna wa yara. Har masu ɗaukar hoto da waya aka yi, suna tsayawa a gindin shi suna washe baki, waɗanda ko gaisuwa ba su iya ba. Na sayar da nama har tire ya yi fayau.

Sai ruwan farko ya sauka, ba ma wani ruwan kirki ba. Da safe na tarar kunnen ragon na hagu ya sauko ya kwanta a kumatu, bayan shi ya kumbura, fentin ya tsage, ruwa ya shiga ta nan. Matashin nan ya taho yana goge hannu da tsumma.

"Baba, ina kwana? Ya jikin maras lafiya? Ko a kira malamin dabbobi?"

"Ka fara kai mashi kakannin awakin da kake gasawa, ya duba masu haƙora."

Aka yi dariya, amma ni na san dariyar rabi tawa ce rabi a kaina.

Daga nan masu shawara suka taso, waɗanda ba sa sayen ko tsinke amma kowa da digirin ruwan sama. Wani magini ya ce a shafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yaɓe soro da shi. Na ce rago fari nake so, ba katanga ba. Mai faci ya ce baƙin man inji. Mai shayi ya ce a sa mashi rigar leda. Wani tsoho da ko ganin gaban shi ba ya yi ya ce a rataya mashi laya. Malam kuwa ya zo ya gyara kunnen, ya toshe tsagar, ya koma kan maganar shi.

"Baba, a ƙara man kafintocin nan, a bari ya bushe sosai, a yi rumfar. Takarda ce fa."

Ni kuwa tun ina yaro na san abu ɗaya da ruwa ke tsoro. Duk mahaucin da ya taɓa wanke hannu bayan fiɗa ya sani. Ka zuba ruwa a kan kitse ka ga yadda yake gudu kamar ɓarawo. Katakon da nake sara nama a kai ya girme wa surukina, yana kwana a waje damina da rani, bai taɓa ruɓewa ba. Me ya tsare shi? Ba kwaleji ba.

Na tara kitsen saniya na narka a tukunya. Na sauko da ragon, na sa tsumma na shafe shi tun daga ƙaho har kofato, na bari ya sha, na ƙara. Takardar ta riƙa zuƙe shi kamar ƙasar rani. Ya fito yana sheƙi, ya ɗan yi rawaya-rawaya kamar ragon da aka kiwata da dusa da ƙuli-ƙuli. Malam ya zo ya gani, ya riƙe haɓa.

"Baba, wannan fa zai yi wari."

"Malam, kai ka taɓa jin rago yana ƙanshin turare?"

Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har kwalbatin tasha ya cika, ƙyallen matashin nan ya yage gefe guda. Na fito da sanyin safiya na ɗaga kai. Ragona na tsaye, ruwa ya taru a bayan shi ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, ko kunne bai motsa ba. Na aika aka kira magini da mai faci da mai shayi, na sa su suka tsaya suka kalla. Na ce kowa ya maimaita shawarar shi in ji. Ranar ko tallar nama ban yi da kyau ba, don bakina bai huta ba.

Abin da ya biyo baya rana ce ta jawo shi, ba ni ba. Aka ɗauke ruwa na ɗan lokaci, rana ta buɗe, ga kuma zafin tukuba daga ƙasa. Kitsen ya fara narkewa yana ɗiga. Ya ɗiga a kan sanduna, ya ɗiga a ƙasa, ya ɗiga a hular wani direba. Sannan wanda ke can cikin takardar, tare da garin rogon, ya fara juyawa. Da farko ƙarni ne. Daga baya ya zama wani abu da ba ni da sunan shi. Ƙudajen Batsari kaf suka yi ƙaura zuwa wurina, har da baƙi daga Darini. Farin rago ya koma baƙi, in ka tafa hannu ya koma fari. Shirwa ta riƙa kewaya shi. Karnuka suka kafa majalisa a gindin sanduna, kawunansu a sama kamar masu duban wata.

Jama'a kuwa, da yake tunaninsu bai wuce tsawon hancinsu ba, suka ce namana ne ke ɗoyi. Naman da aka yanka da asuba a gaban idon Sarkin Fawa! Direba ya rage gudu, iska ta kaɗa, fasinja su ce "ja mu je gaba." Gaban kuwa kun san wurin wane ne.

Ɗiyata ta zo har tasha, abin da ba ta taɓa yi ba, ta rufe hanci da mayafi.

"Baba, don girman Allah ka sauke abin nan. Malam ya ce zai yi maka wani."

"Ki koma ki tambaye shi, ruwa ya taɓa wannan?"

"Bai taɓa ba, Baba, amma mutane ma ba sa taɓa naman."

Ban sauke ba. In na sauke, magini ya ci, mai faci ya ci, mai rumfar kwano ya ci. Na ce marka na zuwa, za ta wanke warin. Marka ta zo ta yi ta zuba ba dare ba rana. Amma abin da na shafa don kada ruwa ya shiga, shi ya hana ruwa wanke komai. Katangu suka faɗi a unguwarmu, soraye suka yi yoyo, ragona ko gezau. Na zauna ƙarƙashin shi ni da karnuka, muna kallon motoci suna wucewa.

Da aka fara yankan gero shugaban tasha ya dawo. Wannan karon bai tsuguna ba, daga can bakin titi ya tsaya ya yi sallama. Bai ma gama gaisuwa ba na ce mashi na sani. Tsinken da na miƙa mashi ya ce yana azumi.

Aka rushe tukubar babana da diga, mai cajin waya ya kafa shagon katako a gurbin. Ragon na jefa shi a bola, karnuka suka raba gado. Yanzu tire nake ɗauka ranar kasuwa, in zaga rumfuna da ƙafar nan tawa mai ciwo, ina kiran mutane su sayi tsire, ni da ban taɓa kiran kowa ba.

Sai dai kitsen da ya ɗiga damina guda ya shige ƙasar wurin, ya shige saiwar darbejiyar. In rana ta take, sai ya taso ta ƙarƙashin katakon shagon. Mai cajin ya zuba yashi, ya zuba toka, yanzu turaren wuta yake kunnawa kamar ɗakin mai jego. Duk ranar da na bi ta nan nakan tsaya in gaishe shi da kyau, in tambayi iyali, in tambayi kasuwa, in ja numfashi mai tsawo a gaban masu jiran wayoyinsu, in ce, "Ɗana, wai me kake dafawa a ciki ne?"