Yadda Kwamfutoci Biyu Suka Saɓa Kan Aikin ’Yata

A shekarun da rashin tsaro ya tashe mu daga Karare muka dawo cikin garin Batsari, ni mace ce mai soya ƙuli-ƙuli, ilimin bokona bai wuce na yaƙi da jahilci ba. Ba ni da yawan magana, kuma na taso da ganin duk abin da malami ya faɗa ya zauna. Babbar ’yata tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya, mu duka gidan a kanta muka ɗora ido.

Aikin kammalawarta a kan nauyin ƙananan yara ne a ƙauyukan Safana. Lokacin ana tsoron hanya, har an ce wasu ɗalibai a ɗaki suke zama su ƙago lambobi. Ita kam ta je. Na raka ta ƙauyen Babban Duhu da kaina, ina rarrashin yaran tana rataya su a sikeli. Abin da ake so shi ne ta jera nauyin daga ƙarami zuwa babba, ta raba gida huɗu, ta nuna inda kashin farko ya tsaya, don a san yaran da suka fi ramewa. A shagon kwamfuta na bakin kasuwa aka fitar mata da lissafin.

Da ta kai, malaminta ya zuba lambobinta a tasa kwamfutar, sai iyakar kashin farko ta fito daban da tata. Bambancin ba shi da yawa, amma ya ce ya gaji da ɗaliban da ke ƙirƙira, in ba ta yi bayani ba ba zai sa hannu ba, sai ta maimaita shekara. Ta dawo ko abinci ta kasa ci. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ce mata ta goge tata ta rubuta ta malam, ta ba shi haƙuri a wuce wurin, tunda na’ura ba ta ƙarya kuma tasa ta fi tsada. Ta dube ni ta ce, ashe ni ma da yara suka yi wa fitsari a zane a Babban Duhu ban yarda da ita ba?

Akwai wani malamin lissafi da aka turo aiki garinmu, yana sayen ƙuli-ƙulina. Bayan mun gaisa ya ce Inna lafiya, yau ƙulin ma kamar yana fushi. Na gaya masa. Ya yi dariya har na ji haushi, sannan ya sa aka kira ’yar tawa. Ya ɗebi ƙuli ya jera a faifai daga ƙanana zuwa manya, ya nuna na tsakiya. Ya ce in za a sake raba rabin da ke ɗauke da ƙananan biyu don a sami iyakar kashin farko, wata manhajar tana haɗawa da wannan na tsakiyar, wata tana ajiye shi gefe, wata ma tsakanin guda biyu take yankawa. Duk hanyoyi ne da masana suka yarda da su. Kuskurenta ɗaya, ba ta rubuta da wacce aka yi mata ba. Ya cinye na tsakiyar, ya ce ladansa ke nan.

Ta koma ta roƙi malaminta ya gwada da irin manhajar shagon. Ya gwada, lambarta ta fito daidai. Mutumin kirki ne, a gaban ’yan ajin ya ce ya yi mata zato mara kyau, ya sa hannu. Yau tana aiki a asibiti, kuma ba na sallah ban yi wa malaman nan biyu addu’a ba.

Da ta bi shawarata, da ta zubar da gaskiyarta da hannunta, kuma ni ce sila. Haƙurin da nake taƙama da shi ya kusa zama zalunci a kan ’yata. Iyaye ’yan’uwana, in na’ura ta saɓa wa ɗanku, ku tambayi yadda aka yi lissafin kafin ku ce ya durƙusa. Ɗalibai kuma ku riƙa faɗin hanyar da kuka bi. Ni dai na gode Allah da ya ba ni ’yar da ta ƙi jin maganata a ranar.